Wakilcin Majami'u a Majalisun Ɗarika: Martani ga Mai Kiran a Rushe Matakan Tsakiya

A wata maƙala da aka wallafa a kwanakin baya, wani marubuci mai bibiyar sha'anin mulkin ikkilisiya ya kawo ƙorafin cewa majami'u, wato ƙananan ikkilisiyoyin da ke taruwa a gari ko ƙauye ko unguwa ƙarƙashin fasto da dattawansu, ba su da ta cewa a manyan shawarwarin ɗarikunsu, alhali su ne ke tara baikon da ake tafiyar da komai da shi. Ɗarika a nan tana nufin tarayyar majami'u masu koyarwa ɗaya da kundin tsarin mulki ɗaya. Marubucin ya ɗora laifin a kan tsarin majalisu hawa-hawa irin na ECWA, wadda ta tsaya da ƙafafunta a 1954 daga aikin mishan na SIM, inda majami'a ke da majalisar dattawanta da ake kira LCB, wasu majami'u su haɗu a LCC, wasu LCC su haɗu a gunduma, wato DCC, sannan gundumomi su haɗu a Babbar Majalisa, wato GCC. COCIN da EYN ma suna da makamancin wannan tsari, da ɗan bambancin suna da yawan matakai. Maganin da ya gabatar shi ne a rushe matakan tsakiya, kowace majami'a ta aika wakilinta kai tsaye zuwa babban taro da ƙuri'a ɗaya, kuma ya kafa misali da Babban Taron Baftis na Kudu da ke ƙasar Amurka.

Ƙorafin nasa yana da tushe, domin babu mai musun cewa murya tana iya ɓata a hanya idan sai ta ratsa majalisu uku kafin ta isa inda ake yanke hukunci, kuma babu mai musun cewa akwai mambobin da sukan fara jin labarin ƙarin kason da za a cire daga baikonsu a ranar da aka karanta musu takardar umarni daga bagade. Inda wannan martani ya saɓa masa shi ne a maganin. Abin da ke ba majami'a murya ta gaske abu uku ne, wato wanda ya zaɓi wakilinta, da ko ana dawo mata da magana ta tattauna kafin a zartar, da kuma wanda ke riƙe da jadawalin taro da naɗe-naɗen muƙamai. Ƙara yawan kujeru a zaure ba ya taɓa ko ɗaya daga cikin ukun, kuma tarihin ɗarikun da suka gwada hanyoyi dabam-dabam ya nuna haka.

Ya kamata a fara da misalin da marubucin ya jingina da shi, tun da a kansa ya gina mafi yawan hujjarsa. An kafa Babban Taron Baftis na Kudu a 1845 a birnin Augusta na jihar Georgia, kuma a yau yana da majami'u kusan 47,000, kowace mai cin gashin kanta, ita ke kiran fastonta, ita ke mallakar gininta, kuma babu wata hukuma da ke iya tilasta mata bin ƙuduri. Waɗanda majami'u ke turawa taron shekara, wanda ake yi na kwana biyu a watan Yuni, ana kiransu 'yan aike, kuma a fahimtar Baftis ɗin kansu ƙuri'ar da ɗan aike ya kaɗa ba ta ɗaure majami'ar da ta aiko shi. Ƙa'idar ma ba ƙuri'a ɗaya ga kowace majami'a ba ce kamar yadda maƙalar ta nuna, domin kowace majami'a mai haɗin kai da taron tana da 'yan aike 2, sannan tana iya ƙara wasu har su kai 12 gwargwadon gudunmawarta, ɗan aike guda a kan kowace dala 6,000 ko a kan kowane kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigarta da ta bayar. Ke nan tsarin da aka yaba saboda daidaito ya ɗaura nauyin ƙuri'a a kan kuɗi tun daga rubutacciyar dokarsa.

Abin da ya fi wannan muhimmanci shi ne yawan majami'un da ke amfani da haƙƙin nasu. A taron 2024 da aka yi a Indianapolis 'yan aike kusan 11,000 ne suka yi rajista, wanda ke nufin cewa ko da kowannensu daga majami'a dabam ya fito, waɗanda aka wakilta ba su kai kashi ɗaya cikin huɗu ba, balle kuma da yawa sun aiko mutum biyu ko fiye, don haka ainihin adadin ya yi ƙasa da wannan nesa ba kusa ba. Majami'un da ke zama a gida su ne ƙanana da na karkara, waɗanda fastonsu ke haɗa hidima da wata sana'a, kuma ba su da kuɗin jirgi da na masauki. Idan haka lamarin yake a ƙasa mai arziki da hanyoyi masu kyau, ba sai an yi dogon tunani ba kafin a gane yadda zai kasance ga majami'ar ƙauye a kudancin Borno ko a tsaunukan Taraba, wadda baikonta na Lahadi bai fi ya sayi man janareta da abincin mai bishara ba, aka ce ta ɗauki nauyin tafiyar dattijo zuwa babban taro a Jos da dawowa, da ci da kwana, kowace shekara. Haƙƙin zai kasance a rubuce ga kowa, amma waɗanda za su cika zauren su ne majami'un birni, waɗanda dama ba su ne marubucin yake kuka dominsu ba.

A ɗauka kuma cewa kowa ya samu halarta, sai matsalar lokaci ta taso. Ɗarika mai majami'u 5,000, in aka ba kowane wakili minti 3 kacal ya yi magana sau ɗaya, za ta buƙaci awa 250, wato fiye da kwana 10 dare da rana ba hutu. Saboda haka duk taron da ya kai dubbai dole ne ya miƙa ainihin aikinsa ga 'yan tsiraru, kuma haka ake gani a taron Baftis ɗin. Ɗan aike yakan bi layi a gaban makirfo, ya samu 'yan mintoci ya gabatar da shawararsa, kwamitin tsara jadawali ya duba ta, sannan a sanar cewa an miƙa ta ga hukumar da abin ya shafa domin ta kawo amsa a shekara mai zuwa, kamar yadda dokar taron ta tanada game da al'amuran cikin gida na hukumominsa. Jefa ƙuri'a kuma mafi yawanci ɗaga takarda ne sama a duba wane ɓangare ya fi yawa. Da an tashi taro, sauran kwanakin shekara duka suna hannun Kwamitin Zartarwa da ke Nashville da amintattun hukumomi, wato mutanen da aka damƙa wa kula da makarantun tauhidi 6 da hukumomin mishan 2 da sauran cibiyoyi.

Yadda ake samun waɗannan amintattu shi ne darasin da maƙalar ta tsallake. Shugaban taro ne ke naɗa wani kwamiti, kwamitin ya gabatar da sunayen kwamitin tsayar da 'yan takara, shi kuma ya gabatar da sunayen amintattu, 'yan aike su amince. Masu ra'ayin riƙau a cikin ɗarikar sun fahimci cewa duk ɓangaren da ya ci kujerar shugaba shekaru a jere shi ke da wuƙa da nama, kuma tun daga zaɓen Adrian Rogers a Houston a 1979 suka bi wannan hanya, har gwagwarmayar ta kai ga tara 'yan aike fiye da 45,000 a Dallas a 1985, taro mafi girma a tarihin ɗarikar. Cikin shekara goma da 'yan kai shugabancin makarantu da hukumomi ya sauya hannu, masu sassaucin ra'ayi kuma suka kafa tasu ƙungiyar a 1991. Ko sauyin alheri ne ko akasinsa, wannan wata muhawara ce dabam. Abin lura a nan shi ne cewa a tsarin da babu wata majalisa tsakanin majami'a da babban taro, ƙuri'a guda da ake kaɗawa a zaɓen mutum guda ita ce ta juya akalar ɗarika baki ɗaya, kuma majami'ar da ba ta aika kowa ba ba ta da wata ƙofar da za ta bi ta ce a dakata.

Adalci ya buƙaci a ambaci lokacin da tsarin ya yi abin da marubucin ke fata. A taron Nashville na 2021, wanda 'yan aike fiye da 15,000 suka halarta, an so a miƙa wa Kwamitin Zartarwa shawarar binciken yadda shi kansa ya tafiyar da ƙorafe-ƙorafen cin zarafi ta hanyar lalata, sai 'yan aike suka ƙi, suka haɗa kashi biyu cikin uku da doka ta buƙata, suka tilasta a yi bincike mai zaman kansa, wanda rahotonsa ya fito a watan Mayu na 2022. Wannan nasara ce ta zauren taro a kan shugabanni. Sai dai rahoton kansa ya nuna cewa abubuwan da aka bankaɗo sun ɗauki kusan shekara 20 suna gudana, ana kuma yin taro a duk tsawon lokacin, abin da ke nuna cewa taron jama'a yana iya farkawa idan abin kunya ya riga ya fito fili, amma ba shi da idon da zai sa a kan hukumomi a kullum.

Ƙa'idar ƙuri'a ɗaya ga kowace majami'a tana da nata rashin adalcin da marubucin bai tanka ba. Idan majami'a mai mambobi 60 da mai mambobi 3,000 suna da ƙuri'a iri ɗaya, to nauyin mamba guda a ta farko ya ninka na takwaransa a ta biyu sau 50, kuma an buɗe ƙofar da masu neman muƙami za su riƙa rarraba majami'u ana ba su 'yanci kafin su ƙosa, don kawai ƙuri'un yankinsu su ƙaru. Haɗaɗɗiyar Ikkilisiyar Metodis, wadda ke da rassa a Najeriya musamman a jihar Taraba, ta bi wata hanya. Kowace majami'a ko rukunin majami'u da ke ƙarƙashin fasto ɗaya na aika mamba zuwa taron shekara na yankinsu, shi kuma taron yankin ya zaɓi wakilan Babban Taro da ake yi duk shekara 4, adadinsu tsakanin 600 da 1,000, rabi limamai rabi mambobi, ana raba kujeru bisa yawan jama'a. Wannan ma bai hana cikas ba, domin a taron Charlotte na 2024 wakilai da yawa daga Afirka sun kasa halarta saboda matsalar biza da takardun tafiya. Amma gyaran kundin tsarin mulkinsu ba ya tabbata a Babban Taro kaɗai, sai an mayar da shi ga tarukan yankuna a duniya duka an samu kashi biyu cikin uku na jimillar ƙuri'unsu, kuma a nan ne wanda aka hana biza yake samun damar faɗin nasa.

Wannan dabara ta mayar da magana ƙasa kafin a zartar tsohuwa ce. A 1697 Ikkilisiyar Sikotlan ta kafa wata doka da aka sani da Dokar Shinge, wadda ta hana Babban Taronta zartar da sabon abu da ya shafi koyarwa ko sujada ko horo ko tsarin mulki sai an aika shi ga majalisun yankuna, mafi rinjayensu sun amince, sannan a dawo da shi wani Babban Taro ya tabbatar. A kowace majalisar yanki kuwa kowace majami'a tana da fastonta da dattijo guda da majalisar dattawanta ta zaɓa. Ba kowace majami'a ke da mutum a Babban Taron Edinburgh kowace shekara ba, domin karɓa-karɓa ake yi, amma babu muhimmiyar dokar da za ta hau kanta ba tare da ta ratsa ɗakin da wakilanta biyu ke zaune ba, ɗakin da bai yi girman da zai hana su magana ba, bai kuma yi nisan da zai hana su zuwa ba. Matakin tsakiyar da marubucin ke kira a rushe shi ne kaɗai wurin da majami'a ke da kujera da lokacin magana a tare.

Hujja mafi ƙarfi da ɓangaren marubucin zai iya kawowa ita ce abin da ya faru a Ikkilisiyar Ingila a watan Nuwamba na 2012. Babbar Majalisarta, wadda aka kafa a 1970, tana da zauruka uku, na bishop-bishop da na limamai da na mambobi, kuma mambobin ƙananan majalisun yankuna ne ke zaɓen zaure na uku, ba jama'ar majami'u kai tsaye ba. Dayosis 42 cikin 44 sun amince da dokar naɗa mata bishop, amma a zauren mambobi aka samu 132 masu goyon baya da 74 masu adawa, aka kasa kai kashi biyu cikin uku, dokar ta faɗi. Ana iya cewa ga zaɓe hawa-hawa ya haifar da wakilan da ba su yi kama da waɗanda suke wakilta ba, kuma akwai gaskiya a hakan. To amma adadin nan na 42 cikin 44, wanda da shi aka auna nisan da ke tsakanin zaure da jama'a, bai samu ba sai don akwai majalisun dayosis da doka ta tilasta a tuntuɓa, kuma nauyinsa na cikin abin da ya sa aka sake ɗauko maganar da gaggawa har ta wuce a watan Yuli na 2014. Abin da lamarin ya nuna shi ne buƙatar faɗaɗa masu zaɓen wakilai, bai nuna buƙatar kawar da majalisun da suka tona gibin ba.

Marubucin ya kuma kafa hujja da sura 6 ta Ayyukan Manzanni, inda manzanni suka tara jama'ar almajirai suka bar musu zaɓen mutum bakwai da za su kula da rabon abinci. Wannan hujja ce mai kyau ga zaɓen shugabanni a cikin majami'a, domin al'amarin na ikkilisiya ɗaya ne a birni ɗaya. Da magana ta shafi ikkilisiyoyi da yawa, kamar yadda sura 15 ta nuna game da kaciyar al'ummai, ikkilisiyar Antakiya ba ta ɗunguma zuwa Urushalima ba, Bulus da Barnaba da waɗansu ta aika, manzanni da dattawa suka yi muhawara mai tsawo, aka rubuta wasiƙa, aka haɗa ta da Yahuza da Sila domin su yi bayani da baki, sannan aka tara jama'ar Antakiya aka karanta musu. Abin da nassin ya nuna shi ne aike da tattaunawa da dawowa da rahoto, kuma kashi na ƙarshen ne ya fi yawan faɗuwa a aikace.

Akwai kuma tambayar da maƙalar ba ta yi wa kanta ba, wato ina ayyukan gunduma za su koma idan an rushe ta. A ɗarikun da ake magana a kansu, a matakan tsakiya ne ake duba sauyin wurin aikin fastoci, a sasanta rikicin dattawa da fasto, a tallafa wa majami'ar da ba ta iya biyan albashi, a kuma kula da masu bishara a sabbin filaye. Taron kwana uku ba zai yi waɗannan ba, don haka za su tattaru ne a hedkwata, a hannun ma'aikatan da babu majami'ar da ta zaɓe su, sai ya zama an gudu ba a tsira ba. Darajar waɗannan matakai takan fi bayyana a lokacin masifa, kamar yadda aka gani a watan Oktoba na 2014 sa'ad da Boko Haram ta mamaye hedkwatar EYN a Kwarhi, shugabanni suka koma Jos na wani lokaci, majami'u masu yawa suka watse. Majami'ar da aka ƙone, mambobinta suka bazu a sansanonin gudun hijira, ba ta da halin aika wakili ko'ina, kuma wanda ya san sunayen mutanenta da inda suka nufa shi ne maƙwabcinta na gunduma.

Gyaran da ya dace, saboda haka, yana cikin tsarin ne, a duk inda kundi bai tanade shi ba ko ya tanada amma ba a aiki da shi. Wakilin majami'a a LCC ko gunduma ya zama wanda mambobi suka zaɓa a taron da aka sanar tun da wuri, da wa'adi sananne, domin wanda fasto ya nuna da yatsa bayan sujada ɗan amshin shata ne ko da mutumin kirki ne. Yawan mambobi a kowace majalisa ya yi daidai da na limamai, tun da fasto ma'aikacin ɗarika ne wanda sauyin wurin aikinsa da ƙarin girmansa ke hannun waɗanda zai yi wa gardama, kuma a ware kujeru masu ƙuri'a ga zumuntar mata da matasa, waɗanda su ne mafi yawa a kan bencin majami'a. Duk abin da ya shafi kundin tsarin mulki, ko koyarwa, ko kason baikon da ake turawa sama, ko mallakar filaye da gine-gine, a mayar da shi ga gundumomi, kada ya zama doka sai mafi rinjayensu sun amince. Kuɗin tafiyar wakilai ya fito daga asusu guda, yadda majami'ar birni za ta ɗauki wani ɓangare na nauyin ta ƙauye. Takardun taro kuma su iso watanni kafin zama, da Hausa da sauran harsunan da ake sujada da su, domin dattijon da aka miƙa wa ƙunshin takardu da Turanci a bakin ƙofar zaure, ya zauna yana juya shafuka yayin da ake kiran a ɗaga hannu, an kawo jikinsa ne kawai ba a nemi ra'ayinsa ba.

Ma'aunin wakilci a ɗarika tambayoyi ne da kowane mamba zai iya yi wa kansa: ko ya san abin da za a tattauna kafin a yanke shi, ko ya san wanda ya tafi a madadinsa da yadda ya kaɗa ƙuri'a, da kuma ko yana da hanyar sauya shi idan wa'adinsa ya cika. Tsarin majalisu hawa-hawa yana iya faɗuwa a wannan ma'auni, kuma marubucin ya yi daidai da ya nuna inda yake faɗuwa, amma ana iya gyara shi da sauya wasu sassa na kundi da canza yadda ake gudanar da zaɓe a majami'a. Babban taron dubban wakilai kuwa, ko an tsara shi da kyakkyawar niyya, ba shi da hanyar ba ƙaramar majami'a kuɗin zuwa, ko lokacin magana, ko ikon dakatar da dokar da ba ta yarda da ita ba, kuma waɗannan su ne ainihin abubuwan da maƙalar ta ce an hana ta.